Tsohon da Bai Taɓa Miƙo Mana Komai Ba

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma, har da masu ganin kamar da su za a naɗe ƙasa. Kakana, mahaifin Baba, wanda mu jikoki muke kira Tsoho, ya riga mu tafiya a farkon ranin nan, lokacin da kankana ta fara yaɗo. Allah ya jiƙansa. Da zuciya ɗaya na faɗi wannan, kuma gara in faɗe shi tun yanzu, don abin da zai biyo baya ba kowa zai yi wa daɗi ba.

A zaman makokinsa na gane cewa mutanen garinmu sun fi iya ƙarya idan suna zaune a kan tabarma. Wanda ya fara shi ne maƙwabcinmu na gona. Ya shafa addu'a, ya langaɓe kai, ya ce, "Allah sarki, mutum mai haƙuri. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba." Wannan fa shi ne mutumin da Tsoho ya bi da fartanya tun daga bakin kanal ɗin ban-ruwa har titin kwalta, ranar da ya karkatar mana da ruwa. Takalminsa ɗaya har yau yana cikin kanal, kifaye sun yi gida a ciki. Wani ya karɓa ya ce, "Ga sanyin hali, ko ƙuda ba ya kora." Tsoho da yake korar ƙuda, ya bi shi har waje ya gaya masa laifin ubansa! Na dubi Liman ko zai tsawatar, sai na ga tari ya sarƙe shi, ya sa hannun riga ya rufe baki.

A cikin gida ma haka mata suka yi ta zubawa, har kakata, wadda nake kira amaryata, ta ɗago daga cikin mayafi ta ce, "Wai wa kuke nufi? Ko dai gida kuka ɓata?"

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tayar mini da zuciya shi ne yadda kowa, da ya gama gaisuwa, sai ya juya wajen Yayana ya dafa masa kafaɗa. "Ka yi haƙuri, bai ga ranar da aka ɗauke ka a babban kulob ba." "Ai ba ka da uwa a gindin murhu ne." "Ni fa har yau ina cewa hannu aka sa wa yaron nan." Masu faɗin haka su ne dai mutanen da suka san abin da ya faru, don da injinansu aka yi shi. Shi ya sa na ɗauki biro. Idan aka bar su, nan da damina za su mai da Tsoho waliyyi marar baki, su mai da labarin Yaya aikin maƙiya. Tsoho kuwa ya sha cewa, "Idan na mutu aka ce ba ni da faɗa, ku duba, wani aka binne."

Tsoho bai taɓa miƙa wa mutum abu ba. Cillowa yake yi. Goro, albasa, makulli, tocila, hula, duk a sama suke zuwa, kuma ba ya cewa ga shi nan. Idan ka cafe, bai ce maka komai ba. Idan ya faɗi, sai ya juyar da kai gefe ya ce, "Tir," da wata irin murya kamar ya taka kashin kaza da safe. Na tabbata da za a ba shi jariri ranar suna, cillo shi zai yi wa wanzami. Amaryata ta ce ko ranar da ya fara zuwa zance wajenta, mangwaro ya cillo mata ta saman danga, ya same ta a goshi. Ta ce tun ran nan ta san ba za ta huta ba.

Dalili shi ne, Tsoho ɗan lodin kankana ne tun yana saurayi. Wanda bai taɓa gani ba, ga yadda ake yi: mutane suna jeruwa daga tarin kankana har gindin babbar mota, wannan ya cilla wa wannan, wannan ya cilla wa wancan, na ƙarshe yana saman mota, shi ke cafewa ya jera. Na saman nan shi ne sarki, don kankana ta fi zuwa masa da ƙarfi, kuma idan ta fashe sunansa za a kira. Tsoho ya ce daga Kura har Bunkure babu motar da bai hau ba, kuma kankana ɗaya ce ta taɓa fashewa a hannunsa, ita ma ruɓaɓɓiya ce tun daga gona, har ya san mai gonar.

Yana da maganganu biyu da ya dame mu da su. Ta farko: "Kankana baƙuwa ce. Ba a tare ta da ƙirji, tarbar ta ake yi, hannu ya raka ta har ta zauna." Ta biyu: "Mai yawan tsalle bai san inda kaya za su sauka ba ne." Idan muna kallon ƙwallo a talabijin gola ya yi sufa ya ture ƙwallo, gidan kallo ya ɗauki ihu, Tsoho daga bakin ƙofa sai ya ce, "Tir. Da kankana ce da yanzu kowa ya sha."

Duk jikokinsa ya cilla mana kaya, amma Yaya kaɗai abin ya kama. Ni dai goshina shaida ne, yana da tarihin kowace albasa da aka noma a yankin nan. Yaya kuwa tun yana firamare yake hawa saman mota kusa da Tsoho. Da ya fara tsaron raga, sai ya zama wani irin gola mai ban haushi. Ba ya faɗuwa. Kafin ka buga ya riga ya je inda za ka buga, yana jiranka. Ƙwallo takan shiga hannunsa shiru kamar aiko ta aka yi da saƙo. Da ya shiga kwaleji ya zama golansu, suka ɗauki kofin kwalejoji, har 'yan wasan gaba suka riƙa yin ciwon ciki idan aka ce da kwalejin su Yaya za a kara. Labari ya kai wani babban kulob, suka ce za su turo mutum biyu su gan shi. Lokacin hutu ne, sai aka ce a shirya wasa a filin garinmu, mu da ƙauyen da ke tsallaken kanal.

Nan masoya suka shigo.

Baffa, ƙanin Baba, shi ke raba ruwa a reshen kanal ɗinmu, kuma yana ganin duk wata matsala ta duniya rashin ruwa ne ya kawo ta. Ya tara mutane ya ce, "A talabijin fili kore ne shar, har fesa masa ruwa ake yi kafin wasa. Mu da muke zaune a kan ruwa, baƙi su zo su tarar da filinmu kamar bayan tanda? Yaro ya faɗi ya goge gwiwa?"

Tsoho ya ce, "Yaron ba ya faɗuwa."

Baffa ya ce, "Baba, wannan harkar zamani ce."

Ranar wasa tun da hantsi aka fara. Baffa ya kawo injinsa na ban-ruwa. Maƙwabci ya ga Baffa ya kawo, ya ce ba za a yi abin alheri ban da shi ba, ya kawo nasa. Kafin azahar duk mai inji a garin nan ya ja tiyo zuwa fili, don kada gobe a ce wane bai sa hannu a tafiyar yaron ba. Manomin wajenmu kuma bai san yayyafi ba. Abin da ya sani shi ne a sakar wa fangali, wato kwamin shuka, ruwa har ya ƙoshi ya yi gyatsa. Wani dattijo ma, hannunsa ya saba, ya ɗauki fartanya ya tayar da 'yar kunya a gefen fili don kada ruwan ya gudu.

A tsallaken kanal kuwa Kawu ne, yayan Inna, shi ke riƙe da ƙungiyarsu. Ya tara yaransa ya ce, "Ɗan ƙanwata ne a raga, yau ranarsa ce. Duk wanda ya ci shi, kada ya biyo gadar nan, ya nemi wani garin." Mai ci musu ƙwallo kuma ɗansa ne na cikinsa, taubashina, dogo kamar sandar rake, wanda bugunsa ya taɓa karya wa mai rake baro.

Baƙi suka iso bayan la'asar da fararen takalma. Aka ba su kujeru masu hannu, aka yanka musu kankana. Suka dubi fili, suka dubi juna. Balbelu sun riga sun sauka a tsakiya suna kiwo. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta tambaye ni da gaske, "Ɗan nan, yau za a yi dashen ko sai gobe?"

Aka busa usur. Aka buga ƙwallo ta tashi, ta faɗo caɓ, ta zauna. Ba ta sake tafiya da ƙafarta ba har aka tashi. Mutane suka taru a kanta suna kirɓa taɓo kamar masu kwaɓa ƙasar gini. Alƙalin wasa ya rasa takalmi ɗaya, ya tsaya nema, ya rasa na biyun. Wani ɗan bayanmu ya fito da matsattsaku a ƙwauri, yana ihu a ba shi gishiri. Kwaɗi suka ɗauka damina ce ta dawo, suka fara waƙa tun rana ba ta faɗi ba. Yaya yana can cikin raga a tsaye, hannu a ƙugu, shi kaɗai ne mai tsabtar riga a filin, kamar ango ya zo duba 'yan ƙwadago.

Sau ɗaya ƙwallo ta kusance shi. Taubashina, ban san yadda ya yi ba, ya turo ta cikin laka har ya wuce kowa, ya rage daga shi sai Yaya. Na ga baƙin nan sun miƙe daga kujera. Yaya ya ɗan ranƙwafa, idonsa ya kawo wuta, karon farko a ranar. Sai taubashina ya waiga ya dubi babansa. Kawu ya yi gyaran murya. Yaron ya sa gefen ƙafa ya gangaro da ƙwallon a hankali, kamar mai miƙa wa suruki goro. Yaya ya duƙa ya ɗauka.

Garinmu ya fashe da ihu. Aka buga ganga. Baffa ya ruga wajen baƙi yana cewa, "Kun gani? Kun ga hannu?"

Ba su jira an tashi ba. Sai dai motarsu ta kafe, don ruwan ya bi hanya har inda suka ajiye ta. Ana tura mota, Tsoho ya zo da buta, ya tsuguna yana zuba musu ruwa suna wanke takalma. Mutumin da ko hakimi bai taɓa tsuguna wa da daɗin rai ba.

Ya ce, "Samari, ku gaya mini gaskiya, ni ba na jin zafinta."

Babban cikinsu ya ce, "Baba, mun zo ganin gola, mun ga mutum a tsaye."

"Wannan da idona aka yi. Abin da ba ku gani ba, ni na san shi. Wanda kuka gani fa?"

Mutumin ya ce, "Gajere ne. Kuma bugun da ya yi bayan ya ɗauki ƙwallon nan bai kai ko'ina ba, ba laifin taɓo ba ne, ƙafar ce ba ta da nisa. Golan yanzu da ƙafa yake fara wasa. Da mun ga hannun da ake faɗa, wataƙila ya rufe mana ido daga sauran. To ba a bari mun gani ba."

Tsoho ya ce, "Madalla. Allah ya kiyaye hanya." Sannan ya cilla wa mutumin goro. Ya faɗi a taɓo. Tsoho ya buɗe baki zai ce tir, ya tuna baƙo ne, ya haɗiye. Ban taɓa ganin ya wahala irin ta ranar ba.

Washegari gari ya riga ya gama shari'a. Wasu suka ce sai mai ubangida ake ɗauka. Wasu suka ce tun daga Kano baƙin suka zo da sunan ɗan wani. Baffa ya ce hassada ce, Kawu ya ce hannu aka sa. A majalisar ƙofar gida Tsoho ya bari suka gama, sannan ya ce, "Maƙiyi bai taɓa yaron nan ba. Ina ma maƙiyi ya samu, da ya buga masa ƙwallo. Ku ne kuka taru kuka kwanta a kansa kamar kazar da ta fi ƙwanta nauyi." Ya nuna Baffa da sanda. "Kai, da za a ba ka aljanna ka duba, cewa za ka yi ruwan bai isa ba." Ya juya ga Kawu. "Kai kuma ka yi wa ɗan ƙanwarka kara, ka yanka ɗanka ka yanka nata da wuƙa ɗaya. Allah wadaran wannan kara."

Baffa ya ce, "Don Allah muka yi, Baba."

"Na sani. Shi ya sa ba wanda zan kai ƙara."

Da yamma ya zaɓi kankana mafi girma a gonarsa, ya saɓa a kafaɗa, ya tsallaka gada da ƙafarsa mai ciwo. Taubashina yana bayan gida ya ƙi cin abinci, don shi ma ya san baƙin nan da ido biyu suka zo, da sun ga bugunsa wa ya sani. Tsoho ya ce masa, "Kai ma an cuce ka, kuma ba wanda zai zo maka jaje, shi ya sa na zo." Ya cilla masa kankanar. Ta fashe a ƙirjinsa. Taubashina ya rantse mini Tsoho bai ce tir ba. Zama ya yi suka tsince ta a ƙasa suka sha tare.

Faɗan da ya fi ciwo shi ne nasa da Yaya. Yaya ya fi son labarin gari, don labarin gari yana da daɗin kwanciya: kai gwani ne, duniya ce ta zalunce ka. Tsoho ya ƙi bar masa shi. Ya ce, "Taɓo gaskiya ne, kara gaskiya ce. Amma kai gajere ne, ni ka ɗauko, ba yadda za ka yi. Ƙafarka kuma ta ɗan tsako ce, wannan da yadda za ka yi. Ni na koya maka hannu na manta kana da ƙafa, don kankana ba a buga ta. Ka je inda ba a san ka ba a gwada ka."

Yaya ya ce, "Na bar ƙwallo."

Tsoho ya ciro goro ya cilla masa. Yaya ya bi goron da ido, hannunsa a aljihu, har ya faɗi ƙasa tsakaninsu. A gidanmu wannan ya fi zagi. Kaji ma sun yi shiru. Tun daga ranar sai gaisuwa kawai, ita ma a gajarce. Safar hannun Yaya ta koma madafa, Inna tana sauke tukunya da ita, tana yabon cewa ba ta taɓa samun tsumma mai kyau irin wannan ba.

Haka aka ci damina. Da aka yanke shinkafa Tsoho ya kwanta. Yana kwance rediyo a kunne, ya ji sanarwar cewa za a yi gwajin 'yan wasa a Kano, na kowa da kowa, duk mai ƙafa ya zo. Ya sa aka kira Yaya. Ina zaune a gefen gado muna faɗa da shi a kan wa zai gaji amaryata. Yaya ya tsaya daga bakin ƙofa.

Tsoho ya ce, "Ka ji rediyo?"

"Na ji."

"Ka je inda ba ka da kawu."

Yaya ya jingina da ƙofa. Tsoho ya laluba ya cire hularsa, ya cilla masa. Hannun ya riga ya mutu. Hular da a da za ta tsallake katanga, ko rabin ɗaki ba ta kai ba, ta nufi kwanon kunu. Ban ga lokacin da Yaya ya bar ƙofa ba. Sai dai na gan shi a miƙe a ƙasa, haƙarƙari a kan siminti, hula a tafin hannu, kunu ko motsi bai yi ba.

Tsoho ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Ashe ka iya faɗuwa. Munafuki." Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ita ce dariyarsa ta ƙarshe da na ji.

Ranar jana'iza, da aka zo sa shi a kabari, Liman ya ce wa zai shiga ya karɓa. Ba a yi shawara ba, kowa Yaya ya duba. Ya shiga. Aka miƙa masa Tsoho a hankali, hannu da hannu, mutumin da bai taɓa miƙa wa kowa komai ba. Na ga yadda hannun Yaya ya tarbe shi, ya raka shi har ya kwanta. A nan ne na yi kukana, kuma duk wanda ya ce ya ga majina a hancina ƙarya yake yi.

Gwajin ya faɗo washegarin addu'ar bakwai. Ranar addu'ar, ana cin waina a tsakar gida, Baffa da Kawu sun shigo gaida amaryata, sai na ji Baffa yana cewa, "Idan yaron zai je, ba za mu bar shi shi kaɗai ba. Motoci za mu cika, da ganga. Kuma akwai wanda na sani, ya san wani a wajen." Kawu ya ce, "Ni ma zan bincika ko cikin masu bugawar akwai ɗan wajenmu, a yi masa magana." Yaya yana gefe, na ga kafaɗarsa ta fara saukowa, irin saukowar mai shirin cewa ya fasa.

A al'adarmu jika yana da izinin kwaikwayon kakansa a irin wannan rana, ba mai hana shi. Na shiga ɗaki na zura babbar rigar Tsoho, tana jan ƙasa, na ɗau sandarsa, na cika aljihu da albasa. Na fito ina ɗingishi. Mata suka fara dariya suna share hawaye. Na cilla wa Baffa albasa ba sanarwa, ta same shi a tumbi ta faɗi.

Na juyar da kai na ce, "Tir."

Tsakar gida ta kece. Na nuna shi da sanda, na shaƙe murya. "Kai mai ruwa, an ce maka Kano ma fangali ce? Wanda ya sake ja wa yaron nan tiyo, ko na mota ne ko na baki, zan taso." Na juya ga Kawu. "Kai kuma sarkin kara, a bar yaro ya samu maƙiya ko sau ɗaya a rayuwarsa!"

Baffa ya murtuke ya ce, "Wannan yaron ba shi da kunya."

Amaryata ta ce, "Ba yaro ba ne, ubanka ne. Amsa masa."

Baffa ya dubi rigar, ya dubi albasar da ke ƙasa. Ya ɗauke ta yana juyawa a hannu, idonsa ya cicciko, ya ce albasar ce. Sannan a hankali ya ce, "To, Baba. Na ji."

Da safe Yaya ya karɓi safarsa a wajen Inna, tana ƙanshin miyar kuka, yatsa ɗaya ya ƙone. Ya sa hular Tsoho a jaka. Ya hau a-daidaita-sahu zuwa bakin titi shi kaɗai, ba ganga, ba rakiya. Mutanen gari suna leƙe ta katanga kamar an hana su zuwa bikin 'yarsu.

Ya dawo gab da magariba, gwiwa a goge, leɓe a kumbure, riga kamar an share tasha da ita. Duk gidan muka yi masa caa.

"An ɗauke ka?"

"A'a."

Kawu ya fara, "Ai na faɗa, sai mai uwa a—"

Yaya ya ce, "Kawu, ba haka ba ne. Sun buga mini kamar na ci musu gado. Wani ƙato ya nufi fuskata da gangan. Na kama har suka fara zagina, wasu kuma sun wuce ni. Kocin ya kira ni gefe ya ce bai ga hannu irin nawa ba a ranar. Ya ce tsawo ba ni da shi, kuma da ƙafar nan ba zai iya ɗaukata ba. Wani dogo suka ɗauka, yana zubar da ƙwallo kamar mai rabon sadaka, amma bugunsa yana tsallake tsakiya."

Inna ta ce, "To kai me ya sa kake murmushi?"

Ya ce, "Yau ni aka ƙi, Inna. Wancan karon ko ganina ba a yi ba."

Yanzu kullum bayan la'asar yana filin nan, wanda ya bushe ya koma bayan tanda yadda Allah ya yi shi. Taubashina yana koya masa bugu, shi kuma yana tsare wa taubashina raga, kuma sun yi alƙawarin ba sani ba sabo. Ƙafar tana nan dai kamar ta ɗan tsako, sai dai ɗan tsakon ya fara fiffike. Ko za a ɗauke shi wata rana, Allah ne masani. Tsawo dai ba a sayar da shi a kasuwar Kura, na tambaya.

Baffa yakan zo ya tsaya daga nesa, hannu a baya, yana kallon ƙurar da ke tashi. Na san abin da ke cin ransa. Jiya har ya matso ya ce mini, "Ko ɗan yayyafi haka, don ƙurar nan?" Na sa hannu a aljihu. Ya ja da baya.

Ya Allah, ga Tsoho nan mun miƙo maka shi, ba cillowa muka yi ba. Mai faɗa ne, kada ka ji ta masu tabarma. Ya kori mutane da fartanya, ya zagi 'ya'yansa a gaban jama'a, ya kumbura mini goshi tun ban san hagu da dama ba. Amma bai taɓa yi wa wanda yake so ƙarya don ya ji daɗi ba. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka tarbe shi yadda ya koya mana a tarbi baƙuwa, da hannu mai rakiya har ya zauna. Amin.